Goran Iri a Siton Ya Fanna

Aikina tsaron kaya ne. Ni ke riƙe da makullin wani babban ɗakin ajiya na proje, wato shirin agaji, a nan Diffa, inda ake tara shinkafa da mai da tamfol kafin a raba wa mutanen da suka baro garuruwansu. Ɗaki ɗaya ne, amma ya fi ɗan fari yawan sunaye. Ma'aikatan da aka turo daga Yamai suna ce masa magaza. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suna cewa depo. Mutanen ƙetaren kogi, da mu da muka tashi muna cin kasuwa da su, muna cewa sito. Da aka kawo mana wani shugaba wanda Ingilishi kaɗai yake ji, sai ya zaunar da ni ya koya mini cewa a wurinsu inda ake sayarwa da sunansa, inda ake tarawa da nasa, kayan da ke kwance da nasu, waɗanda ke kan hanya ma da nasu daban. A bakinsa na fara jin cewa shago da kanti da sito duk daga harshensu muka ɗauko, muka murɗe musu wuya har suka zama namu. Na koyi kalmomin, tunda da su nake cin tuwo. Amma in aka zo maganar ajiya, Ya Fanna ce ke zuwa mini a rai.

Ya Fanna tana da sito a bayan kasuwar tattasai, ɗakin ƙasa mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe mai kuka in an buɗe ta. Ba ta sayar da komai. Manoman bakin Komadugu ne ke kawo busasshen tattasai su jibge a wurinta su jira farashi ya tashi, in an sayar su ba ta abin da aka saba. Asalinta ƴar N'Guelbély ce, can wajen tuddan rairayi, inda ta tashi tana bin awaki. Aure ya kawo ta Diffa, gidan wani dillalin tattasai mai suna Babakura. Da ya rasu, ƙannensa suka zo da mai saye don a sayar da siton a raba. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar ta zauna, ta ce duk wanda zai saya sai dai ya saya da ita a ciki. Mai sayen ya dube ta, ya dubi ƙofar, ya tuna yana da wani uzuri a gari. Tun daga ranar take zaune a wurin.

Gajeruwa ce, haƙoranta ja wur da fure da goro, faɗa kuwa Allah ya hore mata shi. Hausarta irin ta iyayenmu Barebari ce, ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa “kai” ne a bakinta, har matar gwamna in ta zo. Buhu ba ya taɓa ƙasa a sitonta, sai a kan itace, kuma ba ya jingina da bango saboda gara. In leburan kasuwa suka jefar da buhu da ƙarfi, za su ji labarin kakanninsu. Tana da wata ɗabi'a da muke mata dariya a kai: ba ta taɓa yarda a zazzage abu ƙarƙaf. Ko gishirin miya ne, sai ta rage kaɗan a gindin kwano.

Mahaifina, Grema, yana cikin masu ajiya a wurinta tun zamanin mijinta. Manomi ne a wani ƙauye gabas da Geskeru, kuma yana da irin tattasan da ya gada daga mahaifinsa. Dogo ne, mai kaurin fata, in ya bushe jansa na kai wa ga baƙi, kuma ba shi da yaji ko kaɗan, sai ƙamshi da zaƙi. Ƴan kasuwa kan gane shi tun ba a kwance bakin buhu ba. Kowace shekara Baba kan zagaya gona da kansa ya zaɓi ƴaƴan fari mafi kyau, ya shanya su daban, ya fasa, ya gauraya irin da toka ya ɗura a wani tsohon gora, ya toshe da tsumma. Mu ƴaƴansa mun sha duka a kan abubuwa da yawa, amma wanda ya taɓa goran nan shi ya fi sanin nauyin hannun Baba.

Shekarar da rikici ya haye kogi, aka ce kowa ya tashi daga bakin ruwa. Muka kwaso abin da amalanke zai iya ɗauka muka zauna a gefen kwalta, cikin bukkokin zana da tamfol, kamar dubban mutane irinmu. A wannan lokacin hukuma ta hana cinikin tattasai, kasuwar ta mutu, siton Ya Fanna ya zama fanko. Bai daɗe a haka ba. Mutanen da suka saba kawo mata buhu suka fara kawo mata abin da bukka ba za ta iya tsarewa ba: injin ban ruwa, keken ɗinki, ƙofar ɗaki da aka ɓalle, akwatin amarya. Tana karɓa tana faɗa, tana cewa an mayar da ita juji, amma ba ta kori kowa ba, kuma ba ta karɓi ko dala ba.

Ni na raka Baba ranar da ya kai nasa. Muka sauke injinsa na ban ruwa, sannan ya zaro goran daga cikin riga. Da Barbarci suka yi magana.

“Ya Fanna, wannan ne. In injin ya ɓace, ya ɓace. Wannan dai.”

“Aba Grema, na taɓa ɓatar maka da ko tsinke?”

“Ba ki taɓa ba. Damina ɗaya ce, in Allah ya so, zan zo in karɓa.”

Ta rataye shi a rufin ɗaki, inda ɓera ba zai kai ba.

Damina ɗayan ta wuce, ba mu koma ba. Ta biyu ta ƙarato, labarin bakin kogi sai ƙara muni yake. A gefen kwalta kuwa ruwan sha ma sai an yi layi, balle na shuka. Ni na samu wannan aikin na proje na dawo cikin gari, Baba ya ƙi biyo ni, ya ce shi ba zai ƙara nisa da gonarsa ba. Ya zauna a ƙofar bukka yana jan carbi yana ramewa.

Wata safiya ina ƙirga katon ɗin mai, sai mai gadi ya ce wata tsohuwa na nemana, kuma ta riga ta zage shi. Na san ita ce. Ta ja ni inuwa, ta yi mini Hausarta da take ajiyewa don faɗa.

“Tahiru, kai ɗan manomi ne ko ɗan mi? Iri yana shekara nawa cikin gora?”

Na sani, don Baba ya sha faɗa mana. Irin tattasai ba ƙarfe ba ne. Zafin Diffa bazara biyu, in ya yi ƙarko uku, zai mutu a cikin goran ba wanda ya ji motsinsa. Na faɗa mata haka.

“To. Ni an ba ni abu da rai, ba zan mayar da gawa ba. Shuka shi zan yi.”

“Ya Fanna, kin taɓa shuka tattasai?”

“Ka taɓa jin Ingilishi kahin a kawo maka wancan mutum?”

Abin da ya kawo ta shi ne izini. A wurinta, kayan ajiya ba a buɗe su sai da bakin mai su, ko da kuwa wuta ce ta kama. Ta ce ba za ta tambayi Baba ba, don ta san shi: zai ce irin ubansa ba abin wasan mai kiwon awaki ba ne, ya zo ya karɓe goran, ya mutu a hannunsa ƙarƙashin tamfol. Ni ɗansa ne, in na ce a buɗe, an buɗe. Kuma kada ya ji, don in abin ya ƙi, gara ya ɗauka zafi ne ya kashe, da a sa masa rai a karya shi sau biyu. Na ce ta buɗe.

Gidanta yana manne da siton, tsakar gida ƴar ƙarama. Ta tara tsofaffin bido, wato jarkokin mai, ta sa aka yanke su gida biyu, aka kawo mata ƙasar bakin kogi a amalanke. Farkon abin ban tausayi ne. Ta ɗauka shuka kamar akuya ce, in ta yi laushi ƙishirwa take ji, sai ta yi ta antaya ruwa har rabi ya ruɓe. Sai ta koma ga manoman da ke zaman banza a rumfunan kasuwa, ta jefa musu tambaya kamar ba komai: in ganyen tattasai ya yi rawaya, mi ke damun shi? Manomin da aka raba da gona kuwa, in ka ba shi tambaya irin wannan ka ba shi abin yini. Su yi ta gardama, ita tana tauna goro tana tsintar abin da za ta tsinta.

Awakinta suka shiga suka yi wa shukar aski sau ɗaya. Washegari ta ɗora su a mota ta aika wa ƙanenta a N'Guelbély. Wanda ya san Ya Fanna da awaki zai san abin da wannan yake nufi, don har suna take sa musu. Ruwan famfo na tsada, sai ta mayar da alwalarta kan bidon, kowace salla da layin da take shayarwa. Da sanyi ya shigo ta samu ƴaƴa kaɗan, ba su cika faranti ba. Amma jan nan ne, ƙamshin nan ne. Ta shanya, ta fasa, ta gauraya da toka kamar yadda na nuna mata.

Na ɗauka an gama, sai dai maimaitawa kowace shekara. Shekara ta zagayo, shukar ta yi kyau fiye da ta farko, ta fasa ta ɗauki iri, ta sake shukawa. A karo na uku ne ta aiko a kira ni. Na tarar da ita zaune a gaban bidon, fuska a murtuke. Ƴaƴan sun fito sirara, masu tsinin baki. Ta tsinko ɗaya ta miƙo mini, na gatsa. Yaji ya hau mini har ƙwaƙwalwa, hawaye ya zubo, kuma ba duka na yajin ba ne. Wannan ba tattasan Baba ba ne.

Wani tsohon manomi a kasuwa ya warware mata. Ya tambaye ta ko akwai barkono kusa. In tattasai da barkono suka yi fure lokaci ɗaya, ƙudan zuma na yawo tsakaninsu, ƴaƴan shekarar ba za su nuna komai ba, sai an shuka irinsu abin ya bayyana. Barkono kuwa akwai shi, a bayan katangarta, gidan Hadjara, matar wani malamin makaranta da aka turo daga Tawa.

Abin da ya cece mu ɗabi'ar nan ce da muke wa dariya. Irin shukar farko, wanda ta samu kafin su Hadjara su tare a gidan, ba ta shuka shi duka ba. Ta rage ɗan kaɗan a ƙulle cikin tsumma, abin da bai fi cikin cokali ba. Shi kaɗai ya saura a duniya daga irin kakana, kuma shi ma kwanansa ya ja.

Ta yafa mayafi ta nufi gidan Hadjara, na bi ta a baya don na ga alamar yaƙi.

“Hadjara, barkonon nan naka, tumɓuke shi za ka yi. Ni zan riƙa ba ka busasshe har ka gaji.”

Hadjara ta ajiye taɓarya. Yarinya ce a kan Ya Fanna, amma ba ta da tsoro.

“Iya, ki yi haƙuri. Na kasuwa na nan tuli, ba shi ne ba ni da ba. Wanga daga garkar innata na ɗebo shi ranar da za mu taho. Ta rasu bara. In na tumɓuke, ina zan samu wani?”

Ban taɓa ganin an rufe wa Ya Fanna baki ba sai ranar. Ta tsaya tana kallon barkonon, ta daɗe, sannan ta zauna a kan turmi ba a ce ta zauna ba, ta kwashe labarin goran ta faɗa wa Hadjara. Can Hadjara ta ce, in ƙudan zuma ne matsalar, abin da ke hana sauro shiga ai zai hana su.

Ranar Ya Fanna ta kwance gidan sauronta daga kan gado ta kafa shi a tsakar gida. Ta shuka ɗan cokalin nan a ƙarƙashi. Fiye da rabi bai fito ba. Wanda ya fito, da ya yi fure, kowace safiya takan ɗaga gefen ragar ta sa hannu ta girgiza kowane tushe a hankali, don manoman sun ce mata in ba ƙuda sai a yi aikin ƙuda. Damina ce, sauro ya samu gona a jikinta, zazzaɓi ya kwantar da ita, Hadjara ce ta riƙa tsallakowa tana ban ruwa da girgiza. Na je kasuwa na sayo mata sabon gidan sauro na kafa mata da hannuna a kan gado. Da na dawo dubiya na tarar da shi a tsakar gida, ya rufe wasu bidon. Na yi faɗa, ta fi ni.

Da ƴaƴan suka nuna, ta sake miƙo mini ɗaya. Na daɗe ina juya shi a hannu kafin in iya kai shi baki. Babu yaji.

Duk wannan Baba bai sani ba. Ya daina zuwa gari, in ya zo ma ba ya bi ta bayan kasuwa. Sau ɗaya ya ambaci abin. Muna zaune a ƙofar bukka yana kallon motoci, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yanzu kam ya mutu. A hannuna ya ƙare.” Na so in faɗa masa. Amma na riga na ga yadda abin ke kusa da ƙarewa a shekara ɗaya, kuma na yi wa tsohuwar alkawari.

Sai shekarun baya-bayan nan abubuwa suka ɗan lafa a wajen gari. Wani tsohon abokin Baba ya ba shi aron fili a bakin kogi kusa da Diffa, inda aka bari a yi noma da rana. Baba ya miƙe kamar an yi masa allura. Ya ce zai sayi iri a kasuwa kamar kowa, tattasai dai tattasai ne, ya faɗi haka da muryar wanda bai yarda da kansa ba. Ƙarshen sanyi ne. Na ce mu je mu ɗauko injinsa a wurin Ya Fanna. Ya ce in je ni kaɗai. Na ce ba za ta ba ni ba sai da mai shi, ya san halinta.

Suka gaisa, gaisuwar Barebari mai tsawo, aka tambayi masu rai aka yi wa matattu addu'a. Ta nuna masa injin a kan itace, lulluɓe da buhu. Sannan ta taka kujera ta sauko da goran. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya girgiza shi kusa da kunne, ya yi ɗan murmushi.

“Allah ya saka miki, Ya Fanna. Kin tsare. Abin ciki ya daɗe da mutuwa, amma ba laifinki ba ne.”

“Shigo gida ka sha ruwa,” in ji ta.

Ya bi ta ta ƙaramar ƙofa, yana sunkuyawa. A tsakar gidan ya tsaya cak. Gidajen sauro ne a kafe, sun sha rana sun sha faci, ƙarƙashinsu bido a jere, kowane tushe ya ranƙwafa da ja. Ya durƙusa, ya ɗaga ragar, ya tsinko ɗaya. Ya tsaga shi da farce, ya duba kaurin fatar, ya shinshina. Ya gatsa, ya tauna a hankali, idonsa a rufe.

Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Wa ya dasa su kusa da juna haka? Ba sa shan iska.”

Hawaye na bin gemunsa yana faɗa. Ya Fanna ta juya mana baya tana gyara wata tukunya da ba ta buƙatar gyara.

“Ka ji shi,” ta ce. “Kwashe kayanka, Aba Grema. Shekara da shekaru ba ni da inda zan shanya zane. Na cikin goran na bana ne.”

Ni dai ban san kalmar da zan gode wa matar nan da ita ba, a duk harsunan da nake ji. Ta mayar mini da ubana, wannan shi ne gaskiyar magana, kuma har in mutu ina jin nauyin hakan.

Baba ya zauna a ƙasa, ya shimfiɗa gefen rawaninsa, ya cire tsumman ya zazzago irin a kai. Ya daɗe yana motsa shi da yatsa cikin toka. Daga gabas, can wajen garinmu, har yanzu ba mai kwana a gona, kuma filin da aka ba shi na aro ne. Ya sa gefen hannu ya raba irin biyu. Rabi ya ƙulle a rawani. Rabi ya mayar cikin goran, ya toshe, ya miƙa mata.

Ta dubi goran, ta dube shi.

“Ni baiwarka ce?”

“Damina ɗaya ce, Ya Fanna,” in ji Baba.

Ta karɓa.